Tsakuwar Mama

Da Baba ya rufe shagon askinsa, na yi zaton zai zauna ya huta kamar kowane tsoho mai hankali. Ina! Sai ga shi da akwatin gilashi a falo, ya shimfiɗa yashi mai laushi a ƙasa, ya cika ruwa, ya zuba wasu mitsi-mitsin kifaye dangin tarwaɗa, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Mai shagon kifi ya ce sunansu koridoras. Baba ya ce harshensa ba zai ɗauki wannan wahala ba, ya raɗa musu 'Yan Gashin-baki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aske gashin bakin jama'a, yau shi ne ke durƙuso yana yaba na kifi.

Kuma gaskiya suna da shiga rai. Ba sa yawo a tsakiyar ruwa. A ƙasa suke, gungu guda, suna cusa baki cikin yashi suna lalube. Can sai ɗaya ya fizgo sama a guje, ya shaƙi iska, ya koma. Wani lokaci su juya ƙwayar ido kamar suna kashe maka ido ɗaya. Baba ya rantse babbar cikinsu shi take yi wa. Mama ta ce a shekarunsa ai kifi kaɗai ya rage mai kashe masa ido.

Mamar da kenan, mai baki kamar reza. Bayan ciwon da ya shanye mata ɓarin dama, sai duk wannan tsokanar ta mutu. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo da taimakon sanda, amma hannun dama ya ƙi. Yatsun suna ɗan motsi, sai dai ko an tsunkule su ba ta ji. Likita ta ce ta riƙa tsintar ƙananan abubuwa da shi kullum. Muka kawo maɓallai, muka kawo murafun kwalba, ta kalle su ta kau da kai, ta ce ita ba yarinya ba ce. Ni kuwa ina shafa wa hannun nan mai ina haɗiye kuka, don shi ya yi renona.

Ranar nan ƙanena ya shigo da jakar tsakuwa ta ado, shuɗi da ja da kore, wai a ƙawata akwatin Baba. Mama ta ce a miƙo mata. Ta ɗauki ɗaya da hannun nan, yana rawa, ta kai bakin akwatin ta saki. Tsakuwar ta nitse, kifayen suka watse, suka dawo suna shinshina ta. Mama ta yi dariya. Har mun manta rabon da mu ji wannan dariyar a gidan.

Daga ranar ya zama aikinta. Kowace safiya ta sa a ja mata kujera gaban akwatin, ta yi ta jefawa tana yi wa kifayen faɗa, wai ba su da godiya. Hannun ya fara ƙarfi, yashin kuma ya fara ɓacewa ƙarƙashin tsakuwa.

Baba ne ya fara lura, don idon mai aski ba ya wuce gashi. Ya ja ni kicin, ya rage murya, ya ce gashin bakin babbar ya gajarce, na ƙaramin nan mai tabo kuwa ya kusa ƙarewa. Tsakuwar tana da kaifi, su kuma da gashin nan suke lalubo abinci, suna gogawa yana cinyewa. Na ce to a gaya wa Mama mana. Ya dube ni kamar na ce a cinna wa gidan wuta.

"Abu ɗaya ne tak ya sa ta motsa hannun nan," ya ce. "Ki ce in je in gaya mata shi ke cutar da su?"

Sai ya shiga dabara. Da Mama ta shiga wanka, sai ya lallaɓa ya kwaso tsakuwa ya mayar jaka, ya ture sauran gefe ya buɗe wa kifayen ɗan fili. To amma Baba mutum ne da ko tari bai iya ɓoyewa ba. Hannun riga sharkaf, ruwa a ƙasa, shi kuma yana fito yana kallon silin. Jaka ba ta raguwa, akwati ba ya cika. Ni dai na zuba ido, tausayinsu su biyun ya ishe ni.

Wata safiya Mama ta zauna gaban akwatin, jakar a cinyarta, ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon ƙaramin mai tabo yana ta dungurar tsakuwa, abinci na gefensa amma ya kasa gano shi.

"Baban yara, wa ya yi wa wannan aski?"

Baba ya shiga kame-kame, wai haka suke in sun girma, wai ƙila ruwan ne. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ce shuɗiyar tsakuwar nan mai tsaga ta gaji da jefa ta tana dawowa jaka, hannunta ne ya sami matsala, ba idonta ba. Ta ture jakar gefe. Na ce a raina shi kenan, an koma gidan jiya.

Sai ta ce in naɗe mata hannun riga. Na kama na hagu, ta ce a'a, wanda ya zuba shi zai kwashe.

Baba ya kawo ruwa a kwano ya wanke mata man da na shafa, don kada ya cutar da mutanensa. Ya tallafe mata gwiwar hannu, ta tsoma har ƙasa. Tsintar tsakuwa a cikin ruwa ba wasa ba ne. Ta kama ta suɓuce, ta sake kamawa ta suɓuce, zufa ta karyo mata. Da ƙyar ta fito da ɗaya, ta koma ta fito da wata, har ɗan yashi ya bayyana. Kifayen da suka ɓuya bayan guntun icce suka fara leƙowa. Babbar ce ta fara zuwa, sauran suka biyo ta, suka yanyame yatsun suna lalube a tsakaninsu da ɗan gashin da ya rage musu.

Mama ta tsaya cak. Baba ya tambaya ko ta gaji a fito da hannun. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Kar ka motsa," ta ce a hankali. "Suna yi min cakulkuli."

Baba ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya tsaya. Ya dubi hannun da ke cikin ruwa, ya dube ta. Sannan ya tambaye ta.

"A wane yatsa?"

"Wannan," ta ce, ta ɗan ɗaga shi. "Da wannan ma."