Ba Ciwonmu Ba Ne

"Dakta, Hajja ta ce ki zo yanzu, ko takalmi kar ki tsaya nema."

Khairunnisa ce a bakin ƙofa, babbar 'yar Hajja Hindu, maƙwabciyar su Najiba. Najiba ta rufe kwamfutarta ta bi ta. Katanga ɗaya ce ta raba gidajen nan biyu a unguwar Hausari ta Maiduguri, amma wata da watanni ke nan Najiba tana kauce wa ƙofar Hajja kamar wadda aka kafa wa doka.

Dakta dai suna ne da unguwa ta laƙaba mata, ko allura ba ta taɓa riƙewa ba. Karatu ta je yi Malesiya, ta dawo gida tana rubuta kundin digirinta na uku a kan yadda ciwon daji ke ƙaruwa ko raguwa a tsakanin mutanen Asiya. Alƙaluma ne aikinta. Amma je ka gaya wa matan Hausari haka. Mai ciwon haƙori ma wurinta take zuwa, kuma maganar gaskiya Najiba ba ta ƙi sunan ba, daɗinsa take ji.

Bara, wata rana da la'asar, Hajja Hindu ta shigo hira. Ita ce mai turaren wuta da humra, da wuya a kai amarya ɗaki a unguwar ba da ƙamshinta ba. Ta leƙa kwamfutar ta ga hoton wani dattijo ɗan ƙasar Sin da kumburi a gefen wuya, sai ta kai hannu ta shafa nata wuyan.

"Ni ma ina da irinsa, ɗan ƙarami. Ga hanci a toshe, kunnen nan kuma kamar an ɗura ruwa. Wani yaro a asibiti ya ce wai in koma su yanki nama su duba. Ko shi ne wannan?"

Najiba tana tsakiyar lissafi, ko ɗagowa ba ta yi da kyau ba. Dariya ta yi.

"Haba Hajja, wannan sankarar bayan hanci ce, ciwon mutanen kudancin Sin da maƙwabtansu. Ba ciwonmu ba ne. Ke hayaƙin turare ne ya dame ki."

Hajja ta yi hamdala ta miƙe da ƙarfinta, kuma ba ta sake taka asibitin ba. Ta yaya za ta bari a yanka ta bayan Dakta ta yi magana? Sai da jini ya fara bin hanci, wuyan ya koma kamar an ɓoye mangwaro a ciki, sannan aka sa ta a keke mai ƙafa uku aka kai ta asibiti. Likita ya faɗi sunan ciwon, shi ne dai wanda Najiba ta ce ba nasu ba ne, ya kuma ce an makara. Abin da ke cin Najiba a rai shi ne ta san cewa don ciwo ya fi yawa a can, ba ya nufin babu shi a nan. A ajin farko aka koya mata haka.

Ta tarar da Hajja a kwance a kan katifa, ta rame ta zama 'yar mitsitsiya, ɗakin yana ƙamshin sandal da warin magani.

"'Yata, matso nan," in ji Hajja, muryar da ƙyar take fita. "Na kira ki ne mu yafi juna. Shekara da shekaru ina turo miki hayaƙi ta katanga kina karatu. Ki yafe mini."

Najiba ta durƙusa. Ta daɗe tana tsara maganar nan a ranta, yau ga ta ga Hajja.

"Hajja, ranar nan da kika nuna mini wuyanki, ni ce na..."

"Me kika ce? Wannan kunnen ya mutu. Zagayo ta nan."

Ta tashi ta zagaya katifar. Khairunnisa tana tsaye da kofin ruwa tana kallonta da idon godiya. Kafin Najiba ta kai ɗaya ɓarin, zuciyarta ta riga ta karaya.

"Cewa na yi na yafe, Hajja. Ni ma ki yafe mini."

"Me kika taɓa yi mini ban da alheri? Na yafe miki duniya da lahira."

Ta samu yafiyar da take nema, amma ba a kan laifin da ta yi ba, kuma ta san haka. Kafin a kira magariba Hajja ta cika.

Washegari gida ya cika da mata. Najiba ta raɓe a bakin zaure, sai ta ji Khairunnisa tana gaya wa wasu baƙi daga Old Maiduguri:

"Ga Dakta can. Ita ce ta kwantar wa Hajja da hankali tun farko, ta samu kusan shekara tana sana'arta ba fargaba."

"Allah ya saka mata da alheri," in ji matan.

Aka gusa aka yi mata wuri a tabarmar 'ya'yan gida. Duk wadda ta shigo sai ta bi layi tana kama hannuwansu ɗaya bayan ɗaya, har da nata, tana cewa Allah ya ba ku haƙuri. Najiba ta bar hannunta a buɗe a kan gwiwa, tana amsawa da amin.