Yadda Auta Ya Narkar da Shagon Baba

Tun ranar da Auta ya sayo wannan gilashin kyamara muka rasa sukuni a gidanmu. Auta ƙanena ne, mai ɗaukar hoto, ko kuma "mai zane da haske" kamar yadda ya sa aka rubuta masa a bayan riga. Gilashin kuwa wani dogo ne mai kauri kamar filas ɗin shayi, da jakarsa daban, da tsummansa daban, har da wata 'yar roba da ake hura masa iska. Ni na goyi yaron nan, ban taɓa ganin ya ɗauraye kofin da ya sha ruwa ba, amma ga shi yana goge gilashi safe da yamma.

Abin da ya fi ba ni haushi, gilashin ba ya zuƙo komai. In kana so mutum ya matso, kai za ka taka ka matsa, in kana so ya yi nisa, ka ja da baya. Na ce masa, "To ai wayata ma ta fi shi, da yatsa biyu nake jawo mutum."

Ya dube ni da tausayi. Ya ce, "Yaya, ba za ki gane ba. In na buɗe bakinsa wangale, mutum ya fito tar, duk abin da ke bayansa ya narke. Aikinsa ke nan."

Kuma gaskiya yana narkarwa. Ya ɗauki Inna a bakin madafa, ta fito kamar matar minista, tukwane da igiyar shanya duk sun koma hazo. 'Yan matan layinmu suka yi masa caa, don ko a gaban bola ya tsayar da ke, hoton zai fito kamar a lambun otal. Kan Auta ya ƙara fashewa.

Ana cikin haka mai ginin da shagon Baba yake ciki ya ce zai rushe ya ɗora bene. Baba mai gyaran rediyo ne, tun kafin a haife ni yake wannan shagon. Wuri ne ɗan tsukuku, kantoci har rufi, maƙil da rediyoyi, wasu ma masu su sun daɗe da rasuwa ba wanda ya zo karɓa. Ga benci duk ƙunar dalma, ga gwangwanayen madara cike da ƙananan notuna, ga fitila mai lanƙwasasshen wuya. Baba bai ja da kowa ba, dama idonsa ya fara gajiya. Abu ɗaya ya nema. Ya ce mini, "Uwata, ki gaya wa Auta ya zo ya ɗauke ni a cikin shagon nan kafin a taɓa shi. Ina so in riƙa kallon wurin."

Na gaya wa Auta, kalma bayan kalma. Ya ce in kwantar da hankalina, zai yi wa Baba hoton da ba a taɓa yi wa wani uba ba.

Ranar ɗauka ya zo da jaka biyu da hula mai baki, ya juya bakin baya. Ya ɗaga kyamara a cikin shagon, hancin Baba kaɗai ya gani. Ya ja da baya zuwa bakin ƙofa, bai isa ba. Ya sauka titi, ya tsallaka, sai ga shi can gefen mai faci, ya durƙusa a kan wata tsohuwar taya yana daga murya.

"Baba, ɗaga haɓa kaɗan."

Baba ya ce, "Me ya ce?"

Na koma 'yar aike, ina tsallake titi ina dawowa, motoci na yi mini ham. Shi kuma Baba sai zamewa yake gefe don kantoci su fito. Ya dafa wata babbar rediyo ta katako, wadda ya fara gyarawa a rayuwarsa, ya ce in gaya wa Auta ya tabbata ta shiga. Na tsallaka na gaya masa.

Ya ce, "Ki ce ya daina motsi, idonsa na hagu na kama."

Na ce, "Auta, shagon fa yake so. Ba ka ce in an ɗan tsuke bakin abin nan baya yana fitowa ba? Ka tsuke mana ko sau ɗaya."

Har sauke kyamarar ya yi. "Yaya, babur ɗina na sayar na sayi wannan buɗewar. Ki ce in tsuke? Ai da sai in ɗauka da waya kamar 'yan biki."

Na ce to madalla, na koma, na zaro wayata zan ɗauki Baba da kaina. Ya hango ni daga tsallake, ya miƙe ya fara tattara kaya, wai an ci mutuncin sana'arsa a gaban mai faci. Baba ya ce, "Mayar da ita, Uwata. Ga ƙwararre a gida, kar ki kunyata shi." Na mayar, raina a ɓace.

Da aka gama Baba ya ce a nuna masa. Auta ya rufe allon kyamarar da tafin hannu, ya ce ba a kallon hoto ɗanye, sai ya gyara. Gyaran nan ya ɗauke shi lokaci har aka kwashe kayan shagon. Masu sayen tsohon ƙarfe suka loda rediyoyin, bencin ya tafi wurin mai shayi, motar rusau ta zo ta gama da sauran kafin azahar.

Sai bayan nan Auta ya shigo da hoton, ƙato, a cikin firam, an lulluɓe shi da zanen gado. Ya taho da abokansa biyu, su ma masu hular da ke kallon baya. Ya jingina shi a falo, ya yaye.

Ba zan yi ƙarya ba, Baba ya fito. Kowace furfura tana nan daram, ana ƙirga gashin girarsa, har titi ana hangowa a cikin ƙwayar idonsa. A bayansa kuwa babu komai sai wani hazo ruwan ƙasa da wasu ƙwallayen haske suna shawagi.

Ɗaya abokin ya riƙe baki ya ce, "Kai, dubi bayan nan. Ya narke luguf." Ɗayan ya ce ko ɗigon datti babu.

Baba ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Ina shagon?"

"Ga shi nan, Baba. Wannan ƙwallon fitilarka ce. Da na bar tarkacen nan ya fito, da ya janye ido daga fuskarka."

Na ce ya kawo sauran. Ya buɗe kwamfuta, hotuna rututu, duk Baba a cikin hazo. Na tambaye shi ko babu ko guda da kantoci suka fito. Ya ce akwai ɗaya, lokacin da Baba ya goce kyamara ta kama baya bisa kuskure, amma tun a wurin ya goge shi, don shi ba ya ajiye aikin banza. Ban san sanda na ɗauki takalmi ba. Inna ce ta riƙe mini hannu.

Bayan sun fita na dawo ɗaukar kofuna, na tarar da Baba ya jawo kujera gaban hoton. Ya ɗora yatsa a kan hazon yana bi a hankali. "Nan benci yake," in ji shi. "Nan babbar ta katako. Nan gwangwanaye." Sai yatsan ya tsaya a sama, ya yi dama, ya dawo hagu.

"Uwata, agogon bango, a wane gefe yake?"

Na ajiye kofunan na zo na tsaya kusa da shi. A shagon nan na koyi tafiya. Na zuba wa hazon ido, na rufe ido na buɗe, wallahi ban tuna ba.

Na ce, "A dama yake, Baba."

Ya ce, "Ni ma haka nake gani." Amma bai sauke yatsan ba.