Lambar da Ba Tawa Ba

Wata uku na yi ina zaune a shago ina kallon wayata kamar mai jiran sakamakon asibiti. Gyaran keken ɗinki nake yi, sana'ar da na karɓa daga hannun Baba shekara biyu da suka wuce, lokacin da hannunsa ya fara rawa. Tun da na tashi daga tsohon layi na dawo bayan tashar mota, aiki yake ta ja baya, har ya ɗauke ƙafa. Keke biyu a mako, wani makon ɗaya. Na riga na faɗa wa matata, in shekara ta ƙare a haka zan rufe ƙofar nan in nemi aikin tuƙi.

Ana cikin haka wani mutum da na laƙaba wa suna Mai Kwat ya faɗo. Rana tana dukan kwanon shago, shi kuwa ya ci kwat har da maɓalli, da kwamfuta a hammata. Ni fa duk mutumin da farcensa ya cika tsabta ba na sakin jiki da shi.

"Oga, matsalarka ɗaya ce," in ji shi, ya ture min gwangwanin mai ya ajiye kwamfutarsa. "Ba ka cikin kundi."

"Wane kundi kuma?"

"Shafukan intanet ne masu jera sana'o'i, suna da adireshi da lambar waya. Zan zuba ka a guda ɗari biyar. Kowanne zai sa linki, wato mahaɗin da in an latsa zai kai mutum shafinka. Injin bincike ya ga ana nuna ka ta ko'ina, sai ya ɗora ka a sama."

Na so in kore shi, wallahi. Sai ya rubuta sana'ata a wurin bincike ya juyo min fuskar kwamfutar. Shagona yana can shafi na uku, a ƙarƙashin wani mai sayar da labule. Mai labule fa!

Yayata ce ta gina wa shagon shafi tun zamanin Baba, don aikinta kenan a wani kamfani. Washegari na same ta a ofis lokacin hutun rana, ta tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur tana shan shayi. Da na ce ɗari biyar, sai da ta ƙware.

"Auta, wannan yayin ya wuce tun tuni. Yawancinsu bola ne, ba mai buɗe su, injin ma ya daina kula su. In ka yi rashin sa'a su ja ka ƙasa. Biyu ko uku ne masu amfani, waɗanda mutane ke dubawa da gaske. Su ma sai in suna da adireshi da lamba sun zama iri ɗaya a ko'ina."

"To mu muna cikin guda nawa?"

"Shida, ina ji."

"Buɗe mu gani."

Sai ta kawar da kai tana gyara takardun da ba su nemi gyara ba. "Bar su yadda suke. Zan duba in na samu sarari."

Na san Yaya. Matar da ko ɗankwalinki ne ya karkace sai ta tsayar da ke a titi ta gyara, yau ita ce mai cewa a bar abu yadda yake? Na fito daga ofishin nan zuciyata tana raya min abubuwa kala-kala.

Na kira Mai Kwat na ce ya zo mu binciko shidan. Biyar ba abin da ya same su, sai dai shi da kansa ya ce ko ƙuda ba ya ratsa su. Na shida na ƙungiyar teloli ne. Ga sunan shagona, ga hoton ƙofata, ga adireshin daidai. Lambar wayar ce ban taɓa gani ba.

Mai Kwat ya yi fito. "Tabɗi. Oga, wannan kuwa shi ne mai rai. Duk telan da kekensa ya tsaya nan yake zuwa. Wani yana cin abincinka."

Na buga lambar nan take. Ta yi ta ƙara har ta tsinke. Na sake, haka. A karo na uku aka kashe wayar gaba ɗaya. Ato! Ɓarawon ya san lambata kenan. Wa ya san lambata, kuma wa ke da ikon taɓa shafin in ba Yaya ba? Sai na tuna ƙanin mijinta ya buɗe shagon sayar da kekuna a ɗaya gefen gari, har ana cewa ya fara taɓa gyara. Nan komai ya haɗu a kaina. Uwa ɗaya uba ɗaya, a ce ita ke min zagon ƙasa saboda dangin miji! Ranar ko sukudireba ban iya riƙewa ba don baƙin ciki.

Ban ce mata uffan ba. Na kwashi takardun shago na tafi ofishin ƙungiyar da ƙafata. Ɗaki ne ƙarami a hawa na biyu, da fanka mai kuka da wata sakatariya mai tabarau. Ta duba takarduna, ta dube ni, ta goge waccan lambar ta sa tawa. Ko minti goma ba a yi ba. Don in ƙara ƙona wa Yaya rai, na ce wa Mai Kwat ya zuba ni a ɗari biyar ɗin nasa ma.

Na Mai Kwat dai ba abin da suka kawo min sai saƙonnin masu tallan maganin rage ƙiba. Amma na teloli, kwana biyu kacal waya ta fara kuka. Cikin mako keke sha ɗaya suka jeru a jikin bango, har sai na yi gefe nake wucewa. Matata ta ce na fara dariya a cikin barci.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya. Kusan duk wanda ya kira sai ya ce, "Ina dattijon?" Wata mata ma cewa ta yi, "Shi ba ya cewa a kawo keke. Sai ya ce in kara waya a jikin keken in taka ya ji ƙarar, ya ce in kwance kaza in ɗaure kaza, shi kenan. Ko sisi bai taɓa karɓa ba." Na ce a raina, ka ji makirci, har tsoho suka ɗauka haya yana jawo musu mutane da kyauta.

Ranar hutu na shirya tsaf na tafi gidan Yaya, inda Baba yake zaune tun da ya bar aiki. A tsakar gida na same ta tana shanya. Ko gaisuwa ban yi ba na zazzage mata komai, lambar, ƙanin mijinta, tsohon da suka ɗauka haya, duka. Na ce ta ji kunya.

Ta matse rigar da ke hannunta ta rataya, sannan ta juyo. "Ashe kai ne ka canza lambar."

"Ni ne. Sai me?"

"Ni na sa lambar, ban musa ba. Lokacin da ka karɓi mukullai ka ce ya huta, wata biyu ya yi ba ya magana, abinci sai da faɗa. Ba ka gani ba, kana shago. Na sayo masa layi na sa a wurin teloli."

"Baba?"

"Shi."

"Kuma kin san shi kaɗai ne kundin da ke kawo aiki?"

"Sana'ata ce, ya ba zan sani ba? Na ce kai kana da ƙarfi, za ka samu ta wata hanya. Ban zaci zai kai ka ga rufe shago ba. Wannan laifina ne, ka zage ni a kansa." Ta rage murya. "Amma shi bai san da wani kundi ba. Gani yake mutane ne ba su manta da shi ba, suke nemansa. In ka faɗa masa, ni da kai har abada."

Na shiga ɗakin. Baba yana bakin gado, ya rame fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa sama-sama, ya leƙa ƙofa, sannan ya zura hannu ƙarƙashin matashi ya ciro wata ƙaramar waya.

"Auta, kar ka yi faɗa. Na san ka hana ni aiki, shi ya sa da na ga kiranka kwanaki ban ɗauka ba. Magana ce kawai nake yi da su, ba na taɓa ƙarfe." Ya miƙo min ita, hannun yana rawa. "Duba min, kai mai ido. Kwana tara ba ta yi ƙara ba. Akwai wata baiwar Allah da kekenta ke tsinke zare, na ce ta sassauta kwarkwaro ta sake kirana. Tana can tana nema, na sani."

Na san matar. Kekenta yana shagona, na biyu daga ƙofa, har na ce mata sai an canza kayan ciki.

Na jujjuya wayar. Caji cike, sabis cike. Keke sha ɗayan nan su ne abincin 'ya'yana, ba zan yi ƙaryar cewa na manta da su a lokacin ba. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa da bokiti.

"Baba, bari in tafi da ita shago in duba a tsanake."

Ya kama gefen rigata da sauri. "A'a, gyara a nan. Kar wani ya kira ba na kusa."

Na zauna a ƙasa, na ɓare murfin bayan, na cire batir ina hurawa, shi kuma ya sunkuyo yana kallon hannuna.