Waya Ɗaya a Gidan Sodangi

Atika tana cikin nuna wa Maniru layukan da suka yi kore a fuskar kwamfuta sai wani dattijo ya yi sallama. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bakin titin Bodinga, Maniru ne oga, ita ce mai rubuta manhaja. Tun da fetur ya gagari talaka, manoman albasa na Mandera suka koma kan famfo ɗaya mai aiki da hasken rana. Manhajar ce ke tsara layi, ta tura wa kowa saƙon ranar da ruwa zai shiga lambunsa. Wanda bai je ba, a wuce shi.

"Sunana Sodangi," in ji dattijon, bayan an gaisa. "Tun Jamhuriya ta Biyu nike noman albasa, ban taɓa roƙon ruwa ba. Tun da anka hwara abin ga naku, ba a kira ni ba ko sau guda. Albasata ta hwara kwantawa."

"Baba, abin ga an gwada shi," Maniru ya ce, yana juya masa kwamfutar kamar dattijon zai karanta. "Duba, duk kore na."

Gaskiya ya faɗa. Atika ce ta rubuta gwaje-gwajen da hannunta, ƙananan umarni da ke ɗaukar manhajar gaɓa-gaɓa suna duba ko kowace gaɓa tana aikinta. In lafiya, kore. In da matsala, ja. Ja kuwa bai taɓa leƙowa ba, kuma ta daɗe tana alfahari da haka.

Ta tambaye shi lambar wayarsa. Ya faɗa, ta buga, sai sunan Mode ya fito.

"Ƙanena na," in ji Sodangi. "Wayarmu guda ta. Gida guda, mi za mu yi da biyu?"

Nan ta gano matsalar. Manhajar da lambar waya take gane mutum. Ranar rajista Sodangi ya fara shiga, Mode ya biyo da lamba ɗaya, ya share sunan yayansa ba tare da ya sani ba. Manoman da ta ƙirƙira don gwaji kuwa kowanne da wayarsa, tsaf-tsaf, irin mutanen da babu su a Mandera. Kuma gwajin saƙo abin da kawai yake tambaya shi ne ko saƙo ya fita, bai damu da ko na wa ne ba.

Ta ba dattijon haƙuri, ta ce za a gyara yau. Ya ce Allah shi sa, ya ɗauki takalmansa ya nufi tasha.

"Atika, baƙin ƙungiyar da ke tallafa muna suna tahe bayan azahar," Maniru ya ce. "Ki lallaɓa ki gyara, amma kada in ga ja. Ko ki bari sai sun tahi."

"Sai ka gan shi, oga. In ban ga ya yi ja ba, ƙaƙa zan san gwajin na kama abin da nika nema?"

Ba ta taɓa manhajar ba tukuna. Gwaji ta fara rubutawa: manoma biyu, lamba ɗaya, kowa ya sami ranarsa, saƙon kuma ya ambaci sunan mai ita. Ta danna. Ja ya fito ɓaro-ɓaro. Maniru ya yi tsaki ya fita sayen ruwan sanyi na baƙi.

Ta ba kowane manomi shaidarsa ta daban, lambar waya ta koma wurin aika saƙo kawai. Tsofaffin gwaje-gwaje biyu suka faɗi, ta duba ta ga da ma a kan zaton kowa da wayarsa aka gina su, ta gyara su. Kafin a kira salla komai ya koma kore, ta mayar da Sodangi layi. Da yake ya fi kowa jira, ruwan gobe da safe nasa ne. Saƙo ya tafi da sunansa.

Ta ji sanyi a ranta, ta kira lambar don ta ji daga bakinsa. Ƙarar babbar mota ce ta fara amsa mata.

"Mode na," in ji muryar. "E, na ga saƙo ya shigo. Ai ina bisa motar albasa, mun wuce Jega. Sai sati mai zuwa in Allah ya so. Yaya na gida."

"Ba wanda za ka kira shi hwaɗa mai?"

"Wallahi ba ni da ko sisin kati, Malama."

Ta kashe wayar. A waje motar baƙi ta tsaya, Maniru yana ta washe baki yana buɗe musu ƙofa. Atika ta gyara mayafinta, ta bar masa kwamfutar a buɗe, ta ratsa ta gefensu ta ɗaga wa mai babur hannu.

"Mandera," ta ce. "Ka san gidan Sodangi?"