Gurbin Sunan Maigida

Aikin bai ci Rufaida rabin yini ba, shi ya sa ma ta raina shi. Ƙungiyar da take wa aiki a Gidan Rumji za ta raba irin gero mai saurin nuna kafin ruwan shuka, aka ce kowane gida ya aiko da saƙon waya mai kalma huɗu: sunan mai aikowa, sunan maigida, lambar gari, da yawan bakin da ake ciyarwa. Nata shi ne ta rubuta umarnin da zai sa ordinata, wato kwamfuta, ta yanka kowane saƙo, ta zuba kowane yanki a gurbinsa. Layi ɗaya ne ƙashin bayan abin:

read suna maigida gari baki

Saƙon da gurbinsa na ƙarshe ya fito wayam, ta ce a yar da shi, bai cika ba. Ta gwada da wayoyin mazan buro, abokan aikinta na ofis, har da ta mai gadi, komai ya tafi sumul. Shugabansu, Shef Ashiru, wanda yabo ke masa wuyar fita kamar cire haƙori, har da cewa sannu.

Aka yi rabo, ruwa ya sauka, aka yi shuka. Sai ga kiran Inna Shatu daga Gidan Sori, ƙanwar uwarta da ta goye ta. Mijin Inna ya tafi ci-rani Libiya tun bara, ga yara cike da gida, irin da ta ajiye kuwa yunwar bazara ta sa an daka shi an sha fura. Buhun irin ƙungiyar kaɗai take jira.

"Ɗiyata, kamiyon rabon iri ya zo ya wuce, ba a kira ni ba. Ko wayata ce ta lalace?"

Rufaida ta buɗe saƙonnin da aka yar, ta nemo na Inna. Ga shi nan: Shatu, lambar gari, yawan baki. Sunan maigida babu. Ina matar da za ta kama sunan mijinta a Gidan Sori? A wurinsu rubutawa ma faɗa ce. Inna ta tsallake shi don kunya, ita kuwa ordinata ba ta san kunya ba. Ta ɗauki lambar gari ta mai da ita maigida, ta ɗauki yawan baki ta mai da shi gari, gurbin ƙarshe ya tashi babu kowa, ta watsar.

Rufaida ta ci gaba da gangarawa, saƙo bayan saƙo duk iri ɗaya, daga Gidan Sori har ƙauyukan Cadawa. Gidan da namiji yake nan, shi ya aika, ya rubuta sunansa har sau biyu ba ko ɗar. Gidan da mace ke riƙe da shi ita kaɗai, shi aka zubar. Abin da ya fi ci mata rai, ita kanta ba ta taɓa kiran mijinta da sunansa ba.

Gyaran bai kai shan shayi ba. Ta kai wa shef, ya duba, ya cire tabarau ya murza ido.

"Mangazar ajiyar iri babu ko tsaba, Rufaida. Masu ba da irin sun rufe na bana. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

"Su ci mi kafin baɗi, ranka ya daɗe?"

Ya mayar da tabarau, ya koma kan takardunsa.

Washegari ta hau moto zuwa Gidan Sori. Gonakin hanya sun yi kore shar, ta Inna kuwa ramuka ne kawai. Ta sassare su da sungumi ranar ruwan farko don kar iri ya zo ya iske ta ba shiri, yanzu bakinsu ya bushe.

A tsakar gida Rufaida ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ba laifin waya ba ne, sunan Baba ne babu a saƙon. Ta buɗe baki za ta faɗi sauran, na mangaza, Inna ta riga ta.

"Shi ke nan abin? Suna?"

Ta dubi yaran da ke lasar ƙwarya a gindin turmi. Sannan ta kama hannun Rufaida ta ja ta ɗaki, ta saki labule.

"Inna, ai na san sunan."

"A'a. Daga bakina suke son ji."

Tun tana amarya ba ta taɓa furta shi ba, ko a faɗa, ko a mafarki. Ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Na'Allah," ta ce. "Rubuta maza ki aika musu, ƙasa ba ta gama shan ruwan ba."

Rufaida ta ciro waya ta rubuta. Inna na tsaye a kanta, tana jira ta ga ta danna.