Kwanar Tsohuwar Maƙera

A garin Gubbio, ranar bikin gudun ginshiƙai, babu baƙon da ya isa ya fita daga masaukin Mirella bai sha shawarar ubanta ba. Settimio ke nan. Ya doshi tamanin, bai taɓa zama a aji ba, amma kafaɗarsa ta dama tana da kanta kamar dunƙulen burodi, kuma ba ya jira a tambaye shi kafin ya zame wuyan riga ya nuna. Wajen ɗaukar ginshiƙin ƙungiyarsu ta masu baƙaƙen riguna ya samo ta. Katakon ya taɓa danne shi a ƙasa, ya tashi. Girgizar ƙasa ta rushe masa ɗaki, ya fito yana neman hularsa. Likita ya ce a yanke ƙafar hagu, da ƙafar ya taka zuwa jana'izar likitan. Irin mutanen da ne, an daina yin su.

Baƙin da suka faɗa hannunsa a wannan shekarar mata da miji ne daga Ajantina. Matar, Ofelia, a keken guragu take, mijinta Anibal ke tura ta. Mahaifinta ɗan garin nan ne, ya tafi ci-rani tun yana saurayi bai dawo ba, ya mutu yana ba ta labarin ginshiƙai uku na katako, kowanne ya fi bene tsawo, da mutum-mutumin waliyyi a ƙoli, maza na gudu da su a kafaɗa cikin lunguna.

Mirella ta gaya musu abin da take gaya wa kowa. Takalmi mai kama ƙasa, ban da babbar jaka, a ci abinci da wuri don shaguna za su rufe.

"Ke kuwa, Sinyora, ki zauna a tagar sama. Za ki hango su suna wucewa ta can ƙasa, babu mai taka ki."

Mirella na shiga kicin Settimio ya jawo kujera.

"Taga! Kin haye teku don ki leƙa ta taga kamar kyanwa? Ku saurare ni. In kun gangara ta bayan coci, akwai kwana inda titi ya tsuke, daidai tsohuwar maƙera. Ƙofarta ta lotsa ciki sosai, keken nan zai shige har da saura. Can na ajiye matata tana da cikin wannan mai surutun. Za ki ji iskarsu a fuskarki."

Anibal ya ce, "Babu hatsari dai ko?"

"Hatsari na wanda bai ji magana ba ne. In kun ji ƙasa na rawa, baya a bango. Kada ku gudu a gabansu, ba sa tsayawa, ko uwar mutum ce ta faɗi tsallake ta zai yi. Kuma uku ne. Na masu rawayar riga, na masu shuɗiya, sannan namu. Kada wanda ya motsa sai baƙi ya wuce. Ku tafi da wuri, kafin a cika."

Ofelia ta kama hannun Settimio ta matse, idonta ya ciko. Suka fita tun rana na tsaka, ba su ce wa Mirella komai ba.

Da la'asar Settimio na zaune a dogon teburin da ake shimfiɗawa tsofaffi a bakin titi, gabansa kifin gishiri da kofin giya, sai ga Gualtiero, ɗan ƙungiyar shuɗɗan riguna, abokin tsokanarsa tun suna yara.

"Tsohon banza, ba ka mutu ba? Na ji an ce bana naku da rarrafe zai hau dutse."

"Ku dai ku yi ta kanku. Bara da idona na ga waliyyinku yana sumbatar bango."

Aka yi dariya. Settimio ya kurɓi giya, ya fara ba su labarin yadda ya ƙwaci baƙi daga hannun 'yarsa, ya tura su wurin da babu wanda ya san shi sai shi.

Gualtiero ya daina tauna. "Wace maƙera?"

"Maƙera nawa ce a garin nan?"

"Kai, yaushe rabonka da gangarawa can?"

Tun da ƙafar ta fara kumburi Settimio bai sake bin gangaren nan ba, kuma ba zai faɗi haka a gaban shuɗiyar riga ba.

"An sayar da gidan," in ji Gualtiero. "Askirim ake sayarwa yanzu. Sun sa ƙyauren ƙarfe daidai da bango, yau kuma a rufe yake. Ko kare ba zai samu wurin raɓewa ba. Da ƙafarsu dai suke, ko? Sai su manne."

"A keke take."

Kowa a wurin ya san kwanar nan. Can ne masu ɗauka ke karyowa da gudu, katakon gefe da suke saɓa ginshiƙin da shi yana wucewa da tazarar tafin hannu daga bango. Keke a wurin ba matar kaɗai zai kashe ba. Wanda ya fara yin tuntuɓe da shi zai ja na bayansa, ginshiƙi ya sauko a kan kowa.

Settimio ya miƙe, kujerar ta faɗi bayansa. Ya tarar da Mirella a ƙofar masauki tana raba ruwa.

"Kira baƙin nan a waya."

"Suna sama ai."

"Ba sa sama. Kira su!"

Ta dube shi, ta dubi tagar, ta gane. Ta danna waya. Ba ta shiga. Ta sake. Garin duka yana kan waya a lokacin, layi ya cushe.

"Baba, ina ka tura su?"

"Kwanar maƙera."

"Wayyo Allah! Baba, ka kashe mutane! Zauna nan, ni zan je."

"Ta babban titi? Sai gobe ki isa. Ki nemi ɗan sanda ki gaya masa."

Ya ɗauki sandarsa ya juya. Daga can saman gari babbar ƙararrawa ta fara kaɗawa, ihun mutane ya tashi gaba ɗaya. An kusa sakin su.

Babban titi ya toshe da jiki, ko allura ba za ta faɗi ƙasa ba. Bai ko gwada ba. Ya kutsa wani lungu mai matakala, ya riƙa sauka da gefe, ƙafar hagu na jan wuta har ƙugu. Gualtiero na biye da shi yana haki yana zagi.

"A hankali, mahaukaci! In ka faɗi ba zan ɗauke ka ba!"

"Wa ya gayyace ka?"

Ƙasan lungun ma ya cika. Settimio ya hango ƙofar wani gida a buɗe, kamar yadda ake barin ƙofofi a wannan rana, ya faɗa ciki. Ya ratsa falo, ya ratsa kicin inda wata mata ke juya tukunya.

"Lafiya, Baba?"

"Ƙofar baya!"

Ta nuna da ludayi. Suka ɓulla tsakar gida, suka bi ƙarƙashin shanya, suka fito ta wata 'yar ƙofa a saman gangaren. Ihun ya canza. Ya zama mai kauri, yana tafiya. An sake su.

Ya hango keken. Yana daidai kwanar, gindinsa a jikin ƙyauren ƙarfe, ƙafafunsa na gaba a cikin titi. Anibal na tsaye a baya da waya a ɗage. Mutanen da ke manne da bango suna ta yi musu ihu su kauce, amma babu inda za a kauce, gaba jiki, baya jiki. Ofelia ta ga Settimio ta ɗaga masa hannu tana murmushi.

Ya kutsa da sanda, yana dukan ƙwauri ba ya duban na waye. "Hanya! Hanya, 'ya'yan banza, Settimio ne!"

Da ya iso bai gaishe ta ba. "Kina iya tsayuwa?"

"Kaɗan, in an riƙe ni. Mun zo ba mu ga ƙofar ba, muka ce ko..."

"Tashi."

Ya yar da sandar, ya sa hannu ƙarƙashin hammatarta ya ɗaga. Ta fi yadda ya zata nauyi. Ya jingina ta da ƙyauren, ya zura hannayensa ta gefenta biyu ya damƙi sandunan ƙarfen, ƙirjinsa ya tokare ta. Ƙafafunta na lanƙwashewa, sai ya sa gwiwarsa ya tare.

"Gualtiero! Keken!"

"In kai shi ina?"

"Sama!"

Gualtiero ya ɗaga kai. Baranda ce a kansu, cike da mata. Ya finciko wasu samari biyu masu shuɗiyar riga. "Ku ɗaga! Ku kuma ku karɓa, kuna kallo kamar shanu!" Keken ya tashi a hannuwa, bai kai ba. Wata ta zuro mayafin tebur, aka ɗaura a hannun keken, suka fara ja. Tayarsa na reto daidai kawunan mutane.

Ƙasa ta fara rawa.

Masu gudun share hanya suka fara ɓullowa, fuskoki jajur, baki buɗe, suna ture duk abin da ke gabansu. Wani ya bangaje Settimio a baya, goshinsa ya bugi ƙarfe. Bai saki ba. Ya ji numfashin matar a wuyansa, gajere, da sauri.

"Rufe ido in kina so."

"Ba zan rufe ba."

Rawaya ya karyo kwana. Inuwa ta rufe titin, ƙarar takalma da nishin maza, katakon gefe ya shafi rigarsa ya wuce. Mutane suka saki ihu. Anibal ya ɗago daga bango, ya taka cikin titi yana bin bayan ginshiƙin da waya.

"Uku ne!" Settimio ya ƙwalla. "Uku ne, jaki!"

Hannunsa biyu na riƙe. Ya miƙa ƙafar hagun nan da likita ya so yankewa, ya harɗe ta mutumin. Anibal ya tafi da baya, Gualtiero ya cafki wuyan rigarsa ya maka shi da bango. Wayar ta faɗi a titi. Shuɗi ya bi ta kanta, ko ƙarar fashewarta ba a ji ba.

Saura nasu.

Settimio ya juya kai iyakar yadda wuya zai bari. Tun daga saman gangaren ya gane akwai matsala. Ƙolin na lilo. Sun shigo da gudu fiye da kima, kuma mai ɗauka na gefen bango ya gaji, kansa ya sunkuya, wanda zai canje shi ya maƙale a cikin jama'a. Daidai kwanar ƙafar mutumin ta zame. Ya tafi ƙasa, ya mirgina gefe.

Gurbi ya buɗe a ƙarƙashin katakon, taku ɗaya daga inda Settimio yake. Gefen dama, wurinsa na da. Ginshiƙin ya fara kwantowa wajen bango, wajensu. Jikinsa ya motsa da kansa, kafaɗar ta sauka, hannun dama ya fara sassautawa. Nan take matar ta sulale, kanta ya gangaro zuwa cikinsa, daidai tsayin da katakon zai wuce.

Ya mayar da hannun. Ya damƙe, ya tura ta sama da gwiwa, ya dunƙule kansa a kan nata.

Wani abu ya daki bangon sama, garin siminti da ɓaraguzai suka zubo musu a ƙeya. Bakin katako ya kama shi a haƙarƙari, ya ja rigar ya yage ta har ƙugu. Ya ji wani ya yi kururuwa, ya ji maza sun yi nishi gaba ɗaya kamar bijimi. Wani daga cikin jama'a ya riga ya faɗa gurbin. Inuwar ta ɗaga. Ginshiƙin ya miƙe yana rawa, ya wuce, ihun ya bi shi ƙasa.

Titin ya sake cika da masu bin baya a guje, sannan ya fara raguwa. Takalma warin ƙafa a zube ko'ina.

"Sinyora?"

Settimio ya sake kira da ƙarfi.

"Sinyora Ofelia!"

"Ina nan." Muryar daga cikin rigarsa take fitowa. "Kana danne mini hanci."

Anibal ya taso yana kuka yana shafa fuskarta, yana magana da yarensu. Daga baranda aka fara zuro keken a hankali. Mirella ta ɓullo da ɗan sanda a bayanta, gashinta a warwatse, ta tsaya tana kallon jinin da ke bin gefen ubanta.

"To, sake ta mana," in ji Gualtiero. "Ga kekenta ya sauko. Ko aurenta za ka yi?"

Settimio ya gwada. Yatsun sun ƙi. Sun ƙage a jikin ƙarfen, fari fat, kamar an yi musu walda. Sai da aka zare matar ta ƙarƙashin hannunsa aka zaunar da ita, shi kuwa yana nan tsaye, rungume da ƙyauren shagon askirim, riga a yage.

Mirella ta kama ɗan yatsa ɗaya tana ɓamɓarewa, hawaye na zuba. Ɗan sandan ya kama ɗaya hannun, ya ja, ya sake ja da ƙarfi.

"Ja dai, yaro," in ji Settimio, haƙoransa na haɗuwa. "Kira wani ya taya ka. Ku biyu ba za ku iya ba."