Madobiyar Yafet

A Kafanchan in ana maganar sandar sinuka, to maganar Babayo ake yi. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, shekara ashirin da biyu ya yi a shedin gyaran jiragen ƙasa, da aiki ya mutu ya fito da gwanintarsa da girman kansa ya buɗe shago a bayan tasha. Inji ɗaya gare shi, wanda ake ce wa tana, irin wanda ke juya katako ana fere shi. Sandarsa gida biyu ce, ana haɗa ta da sukuru a tsakiya, in ka mirgina ta a kan tebur sai ta tafi sumul ba ɗingishi. Kuma Babayo bai iya yin shiru da wannan ba. Mutum ne mai baki, in ya fara yabon hannunsa sai shayinka ya huce.

Katakon kuwa na Yafet ne, wani mai yankan katako a gefen Kagoro, dattijo kamarsa, mai sanyin magana. Shekara goma sha biyar suna tare, kuma suna da tsarinsu. Duk ƙarshen shekara Yafet zai samo madobiya ya tsaga ta dogo-dogo, ya jera a rumfar bayan gidansa. Babayo zai hau babur ya je da gwangwanin jan fenti, ya rubuta shekarar a gindin kowane guda. Ba mai taɓa su sai sun shekara huɗu suna shan iska. Abin da ya sa sandar Babayo ba ta lanƙwashewa ke nan, ko da yake a bakinsa ba ka cika jin sunan Yafet ba.

To, da farkon damina boris ɗin injin ya fara kuka. Boris shi ne zoben ƙarfe mai ƙwallaye wanda shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya katakon, ke gudu a cikinsa. Babayo ya sayo sabo. Ya fi kowa sanin yadda ake sa shi: a ɗumama shi a cikin mai, a zura shi a hankali da bututu har ya zauna daidai. A reluwe sau da yawa ya zagi masu yin gaggawa a kan haka. Amma ranar kwana huɗu ke nan ba wuta, ga aikin sanduna takwas na Ɗan'auta mai gidan sinuka yana jira. Yana cikin haɗa murhu sai fanka ta motsa, an kawo wuta. Wa zai tsaya dafa mai? Ya ɗauki guduma ya ba boris ɗin huɗu masu kyau, ya shiga. Da ya kunna ya ji wani ɗan sauti da bai saba ji ba, sai ya ce wa ransa sabon abu ne, zai washe.

Sati bai cika ba Ɗan'auta ya aiko a kira shi. Ranar Asabar ce da la'asar, gidan cike da masu wasa da masu kallo. Ɗan'auta bai yi dogon bayani ba, ya ɗora sanda a tebur ya tura ta. Sai ga ta tana tafiya tana ɗaga kai tana saukewa kamar akuya mai ciwon ƙafa. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Wani ya yi dariya, wani ya ce ashe tsufa ya fara taɓa Baba Reluwe.

Nan fa kunya ta kama Babayo, kuma shi kunya ba ta sa shi shiru, surutu take sa shi. Ya ce hannunsa bai taɓa karkata ba. Ya ce katako ne, ɗanye aka cusa masa a cikin busasshe, son abin duniya ya shiga Yafet. Ya faɗi sunan har sau uku don kowa ya ji. A wurin akwai kafintoci biyu da ke sayen katako a hannun Yafet, sun kuwa ji da kyau. Ko da yake faɗa, can ƙasan ransa yana jin ƙarar gudumar nan, amma ya danne.

Maganar ta riga shi isa Kagoro. Yafet bai zo ba, bai kira ba. Babayo ya ɗauki shirun a matsayin amsa laifi, ya yi oda aka kawo masa busasshen katako daga Kaduna. Ya fere sanda, ya huda, ya ɗaura sukuru, ya mirgina a kan bencinsa. Ta yi ɗingishi.

Akwai gwajin da ko minti biyu ba ya ci, wanda ya yi sati uku yana kauce masa. A kunna inji, a matso da alli a hankali har ya soma taɓa shaf. In shaf na gudu daidai, layin zai zagaye shi. Da safen nan ya rufe ƙofar shago, abin da bai taɓa yi da rana ba, ya ɗauki allin. Da ya kashe injin ya duba, farin ya kama gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen baƙi ƙirin. Boris ya zauna a karkace, shaf yana rawa, duk ramin da ya huda wa sukuru ya kauce daga tsakiya. Ya goge ya sake, kamar allin ne zai ji tausayinsa. Haka ya sake fitowa. Ya zauna a kan benci. Wallahi da ƙasa za ta buɗe a lokacin da ya shige.

Bai ci abincin rana ba ya hau babur. A hanya yana ta shirya magana: zai ce kuskure aka samu, zai ce a manta, ya kwashi katakon bana su ci gaba. Har ya fara jin sauƙi-sauƙi.

Ya tarar da Yafet a tsakar gida yana wasa zarto. Yafet ya miƙe ya tarbe shi kamar kullum, ya jawo masa kujera, ya tambayi mutanen gida. Wannan tarbar ta fi zagi ciwo. Babayo ya waiga wajen rumfa don ya samu abin kallo, sai ya ga rumfar wayam, in ban da guntaye biyar ko shida a ƙasa. Matar Yafet, Miriyam, tana gefe tana tuƙa tuwon acca. A cikin murhunta akwai dogon itace mai kusurwa huɗu, rabi ya ci wuta, a gindinsa ga jan fenti, rubutun hannun Babayo.

Ya tambaya ina katakon.

Yafet ya ce da ya ji maganar ya sauke su duka, ya ƙwanƙwasa, ya tsaga wasu, bai ga ruwa ba. Ya kwana biyu yana tunani. "Amma na ce Oga Babayo ya san katako ya fi ni. In ya ce ba kyau, akwai abin da idona bai gani ba. Kar ya shiga hannun wani, sunana ya ɓaci sau biyu. Sai na ce Miriyam ta yi girki da shi."

Duk maganar da Babayo ya shirya a hanya ta gudu. Ya cire hula ya riƙe a hannu. "Yafet, katakonka lafiyarsa ƙalau. Injina ne. Ni na buga boris da guduma. Kuma ranar da na kira sunanka, raina ya ba ni haka, na ƙi dubawa."

Miriyam ta tsaya da muciya a hannu. Yafet bai dube shi ba, wutar ya zuba wa ido har gindin itacen ya kama, fentin ya yi baƙi. Bai yi faɗa ba, kuma Babayo ya so a ce ya yi. Da Yafet ya buɗe baki cewa ya yi jibi Asabar, gidan Ɗan'auta zai cika, a can aka faɗa, a can za a gyara. Babayo ya ce zai je, zai faɗa da bakinsa, har allin zai kai musu.

"To," in ji Yafet. "In mun yanka bana, sai shekara huɗu. Ni da kai, ban sani ba ko za mu gani."

Miriyam ta kwashe tuwon ta ajiye kwano a gaban baƙo, ta kawo ruwan wanke hannu. Ba yadda za a yi mutum ya ƙi abincin gidan da ya zo neman gafara. Babayo ya wanke hannu ya gutsura, ya kai baki. Miriyam ta sunkuya ta ɗauko ɗaya daga cikin guntayen da suka rage, ta juya shi a hannu, ta dubi mijinta ta tambaye shi ko ta mayar rumfa.

Yafet ya ce ta mayar.